Ƙarfe ukun dare, ke da jariri da waya

Assalamu alaikum. Na ga lokaci ya ja, bari mu shiga maganar kawai. Waye a nan ya taɓa tambayar ChatGPT ko Gemini ko wannan Meta AI na cikin WhatsApp, wato manhajojin nan da ake rubuta wa tambaya su ba da amsa, wani abu a kan jaririnsa? A ɗaga hannu, ba kunya, ni ma na yi. Yauwa, ga hannaye nan, har da iyaye maza can baya.

Ni ban zo in ce ku daina ba, don na san ba za ku daina ba. Ƙarfe uku na dare yaro ya ƙi barci, kin ba shi nono ya saki, kin canza kunzugu, kin zaga ɗaki da shi har ƙafa ta gaji, kowa na minshari babu wanda za ki taso, to wa ya rage? Waya. Kuma ba ta gajiya, ba ta ce miki "ke ma dai kin cika tsoro".

Amma ku san da wa kuke hira. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022 ake ɗaukarta kamar likita, alhali aikinta shi ne ta haɗiye rubutu mai ɗimbin yawa ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Baki gare ta, ko da ta yi kuskure a natse za ta faɗa miki shi, tsaf, kamar ta rantse. Ɗanki kuwa ba ta gan shi ba, ba ta taɓa jikinsa ba, iyakar abin da kika rubuta ta sani. Gani ai ya kori ji.

A kan abubuwan da aka yi ittifaƙi yawanci tana dacewa, hakkinta ne in faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata 6 na farko, ko ruwa ba a bayarwa don shi nonon kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, sannan a fara abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Sabon jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Wannan duk za ta gaya miki. Inda ake samun matsala shi ne inda masanan kansu suka rabu. Ɗauki madarar shanu, likitocin yara na Amurka da hukumar lafiyar Ingila sun ce kar ta zama abin shan yaro sai ya cika shekara, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2023 ta ce yaron da ba ya samun nono daga wata 6 zuwa 11 ana iya ba shi madarar dabba ko ta gwangwani. To manhajar sai ta ɗauko ɗaya ta miƙa miki kamar shi kenan magana ta ƙare. Don haka ki bi ta da tambaya, wannan shawarar ta wace hukuma ce, ta wace shekara? Sai ki je shafin hukumar ki gani da idonki, don wani lokacin har sunan bincike takan ƙirƙiro wanda babu shi a duniya.

Abin da ya fi damuna kuma, tana da son faranta rai. Yadda kika jefa tambaya haka take karkata. In kika rubuta "ai wannan kukan ba komai ba ne ko?" kin riga kin ba ta amsar da kike so. Gara ki zayyana mata, satinsa nawa, nauyinsa, sau nawa ya sha yau, kunzugu nawa ya jiƙa (bayan kwana 5 da haihuwa ana so a ga kamar 6 a rana), sannan ki ce ta lissafo alamomin da za su sa a tafi asibiti.

Barci. Jariri a watanni 3 na farko yakan yi awa 14 zuwa 17, amma gutsi-gutsi, yana farkawa don cikinsa ƙarami ne. Sai uwa ta nemi jadawali, a zana mata mai kyau ƙarfe kaza barci ƙarfe kaza nono, yaro kuwa bai karanta jadawalin ba (dariya), daga nan ta fara zargin kanta. Jadawalin ki ajiye shi gefe. Wanda ba a wasa da shi shi ne kwanciya, a rigingine, kan katifa mai ƙarfi, ba filo ba tarin bargo. A Amurka da aka fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Ko da ya fi jin daɗin rub da ciki, a'a.

Akwai inda waya ba ta da hurumi sam. Jariri ƙasa da wata 3 zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ya ƙi kama nono, ko numfashi na sauri haƙarƙari na lotsawa, ko jijjiga, ko maɗiga ta faɗa, ba lokacin rubutu ba ne, a ɗauki hanya. Awon magani ma kar ki karɓa daga gare ta.

Sai ke kanki uwa. Kukan jariri yana kai ƙololuwa wajen sati 6 sannan ya fara sauka, in kin ji zuciya ta kawo wuya ki kwantar da shi wuri mai aminci ki fita minti biyar ki sha iska, kar a girgiza shi ko kaɗan, girgiza tana iya lalata ƙwaƙwalwa. Yawan kuka da ƙunci ga uwa a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka sani, yakan wuce cikin sati 2. In ya zarce, abinci ba daɗi, barci ba ya zuwa ko yaro ya yi barci, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu na fama da irinsa. Mata da yawa waya suke fara gaya wa abin da suka kasa gaya wa miji, ban ga laifinsu ba wallahi, sai dai wayar ba za ta karɓi yaron ki runtsa awa biyu ba. Ku na baya da ku nake, wannan aikinku ne.

Na'am hajiya, ɗaga murya. A ba jariri zuma? A'a, sai ya cika shekara ɗaya, ko lasa. Akwai ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta, hanjin babba yana iya da ita, na jariri bai iya ba, sai ta saki guba jikinsa ya saki ya kasa tsotso. Sai wa kuma?