Fodkas ɗin Gindin Kuka: Gilaidar da ta tsinke

HABU: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga ƙauyenmu nan gefen Ringim, ni ne naku Habu mai cajin waya, ga Malam Nasiru malamin lissafi, ga kuma ƙanwata Zainab da ta zo hutu daga Dutse. In kun ji ƙara janareto ne ku yi haƙuri. Malam wani ne ya turo saƙo daga Gumel, wai ya sauke Golly, manhajar da ake yin wasan Game of Life da ita, ya haɗa da'irarsa ta sarrafa 1 da sifili tana aiki lafiya lau, can sai wata gilaida ɗaya, wato 'yar siffar da ke tafiya a filin wasan, ta fito daga inda bai sani ba ta ragargaza komai, yana tambaya ya zai yi.

MALAM NASIRU: To bari mu ɗan waiwaya saboda sababbin masu sauraro. Wannan wasa na Game of Life masanin lissafi John Conway ne ya ƙirƙiro shi a Kambirij ta Ingila, ya bazu a 1970 da Martin Gardner ya rubuta shi a mujallar Scientific American. Fili ne gida-gida, kowane gida ko rayayye ko matacce, kuma maƙwabtansa 8. Mataccen gida in ya samu rayayyun maƙwabta 3 cif sai ya rayu, rayayye kuma da 2 ko 3 yake ci gaba, ƙasa da haka ko sama da haka ya mutu. Dokar kenan gaba ɗaya, duk sanda aka zartar da ita a kan dukkan gidajen an yi taki ɗaya kenan.

ZAINAB: Ita kuma gilaida gidaje 5 ce kacal, duk taki 4 sai ta dawo kamanninta amma ta gusa gida ɗaya a karkace, kuma ba ta tsayawa wlh har sai ta ci karo da wani abu. Da ita ake aika saƙo, in ta iso 1 kenan, in ba ta iso ba sifili.

HABU: To ni abinda ban gane ba Malam, tunda komai lissafi ne ba canki-canka, daga ina ɓatacciyar take fitowa?

MALAM NASIRU: Daga aikinka take fitowa mana. Ɗauki bindigar Bill Gosper ta 1970, wadda ya ci dala 50 ta Conway da ita, siffa ce mai gidaje 36, duk taki 30 sai ta harbo gilaida, kuma ba ta san an gama buƙata ba, harbi kawai take. In kana son ƙofar da ke juya 1 ya koma sifili sai ka sa layin bindiga ya gitta layin saƙonka, in saƙo ya zo su yi karo su ɓace su biyun, in bai zo ba ta bindigar ta wuce. To da ka fara haɗa ƙofofi biyu uku za ka ga akwai layin da ya gama aikinsa amma gilaidodinsa suna ta wucewa, ba wanda yake jiransu a gaba.

HABU: Akuya ta tsinke igiya kenan da damina, gonar wa za ta faɗa Allah kaɗai ya sani.

MALAM NASIRU: Sai dai wannan gero ɗaya ta taɓa gonar duka ta tashi. Kuma karon ma ba kullum yake tsafta ba, hanyoyin da gilaida biyu za su iya haɗuwa sun haura 70, ƙasa da rabinsu ne suke ɓacewa fes, yawancin sauran su bar maka tarkace a kan hanya, ta bayansu ta zo ta daki tarkacen, shi kuma ya watso wasu sababbi ta ko'ina.

ZAINAB: Malam akwai kuma na hanyoyin Herschel, waɗanda David Buckingham ya fito da su a 1996. Shi Herschel ɗin siffa ce mai gidaje 7 da ake turawa daga mazubi zuwa mazubi, amma ɗabi'arsa ce yana fara motsi sai ya tofar da gilaida ɗaya gefe, ko kana so ko ba ka so. Kenan duk gaɓar da ka ƙara ka ƙara wata da za ka nema wa makoma.

HABU: To maganin fa? Mutumin Gumel yana jira.

MALAM NASIRU: Cima-zaune. Wata 'yar siffa ce mai gidaje 7 kamar ƙugiyar kamun kifi, mutanen Gosper suka gano ta a 1971, ba ta motsi, gilaida ta zo ta haɗiye ta, cikin taki 4 ta koma yadda take tana jiran ta gaba. Amma fa ka ji sharaɗin, dole ta fuskanci inda gilaidar take zuwa kuma a kan layinta daidai, ka gusa ta gida ɗaya kana iya rasa ta ita da abinda take karewa. Lokaci bai dame ta ba tunda a zaune take, wuri ne ya dame ta. In kuwa sau ɗaya tak gilaidar za ta zo, bulo mai gidaje 4 ma ya isa, in ka saita shi daidai su mutu tare, sai dai ba na biyu.

ZAINAB: Ni gsky Malam ina ganin asara ce a riƙa ciyar da ita haka kawai. Gilaidar da Herschel ya tofar ai kyauta ce, kwafin saƙonka ne ka samu ba ka biya komai ba, masu gini da yawa da ita suke fitar da sakamako. In hanyarta ba ta yi maka ba ka sa mata Snark, wanda Mike Playle ya gano a 2013, ya karya mata kwana ta nufi inda kake so, kuma bayan taki 43 ya shirya karɓar wata.

MALAM NASIRU: Na yarda, ga wanda ya ƙware. Amma Snark ya fi cima-zaune girma nesa ba kusa ba, kuma duk layin da ka ƙara sai ka duba bai gitta wani a mummunan lokaci ba. Ɗan koyo ya fara kashewa tukuna.

HABU: Ni da a ce ni ne sai in bar ta ta yi ta tafiya, filin ba shi da iyaka ai.

ZAINAB: Yaya Habu in ba komai a gabanta ba laifi, Golly zai iya da ita. Amma wasu manhajojin waya filinsu a naɗe yake, ta fita ta dama ta shigo ta hagu ta dake ka ta baya, ina ma zargin abinda ya samu mutumin nan kenan. Ya fara duba saitin filinsa.

MALAM NASIRU: Sannan ya koma baya taki-taki har ya ga inda aka haife ta, ya bi layinta a karkace da ido, ya dasa mata cima-zaune kusa da mafitar kafin ta gitta wani layin. Kuma kar ya gwada da saƙo iri ɗaya ya ce ya gama, ya gwada 1 da 1, 1 da sifili, sifili da 1, sifili da sifili, don sau da yawa a lokacin da ba saƙo ko ɗaya ne ta bindigar take samun hanya ta wuce.

HABU: Mutumin Gumel ka ji dai, ka turo mana fayil ɗin ta WhatsApp Zainab ta duba maka kafin hutunta ya ƙare.