Daga Zafin Jidda zuwa Duwatsun Asir a Ƙafa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Ku yi haƙuri da hakin da nake yi, tun bayan sallar asuba muke hawa. Wannan farin da kuke gani can ƙasa gajimare ne, mu ne a samansa. Muna Sauda, kusa da Abha a yankin Asir, wajen mita 3,000 sama da teku. Wanda Makka da Madina kawai ya sani zai rantse ba Saudiyya ba ce. Sanyi kamar Jos a watan Disamba, ga itatuwan da Larabawa ke kira ar'ar ko'ina.

Da muka ɗauki hutu a wurin aiki, 'yan'uwanmu Hausawan Jidda sun ce a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a gasa nama a yi barci. Na sha yin hakan, amma ranar Lahadi in koma aiki da nauyin kan da na tafi da shi, domin waya tana hannu, saƙon maigida yana shigowa, na gida ma ana jiran aike. A nan kuwa sabis yana ɗaukewa a cikin kwazazzabai. Tunaninka ya taƙaita a kan inda za ka sa ƙafa, ruwa nawa ya rage, ina za a kafa tanti. Mu haɗa azahar da la'asar ƙasaru, mu ci gaba. Da isha'i ta yi, barci ya kwashe ka tun ba ka gama addu'a ba. Wallahi na daɗe ban yi irinsa ba.

Kawu, matso su gan ka. Wannan dattijo haifaffen Makka ne, shi ya fi mu sauri. Jiya a bakin wuta yake ba mu labarin kakansa, wanda ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan yana noma a hanya don guzuri, har Sawakin inda ya hau jirgin ruwa. Shekaru ya yi kafin ya ga Ka'aba. Allah ya jiƙansu da rahama, Kawu.

Yanzu za mu gangara ta tsohuwar hanyar Aƙabatul Ƙurun zuwa Rijal Alma, garin dogayen gidajen dutse. A can zan nuna muku zanen bango na matan Asir, Al-Ƙaɗɗ, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017, mu kuma nemi zuman magarya.

Mai niyyar zuwa, kada ka taho kai kaɗai, nemi ɗan jagora na yankin. Takalmi ya zama wanda ƙafarka ta saba da shi, ka riƙo rigar sanyi ko da bazara ce. Abinci kuma a ɗaure cikin jaka, gwaggon biran nan ba sa jin kora. Idan hadari ya haɗu kada ka kwana a cikin kwari, ruwa kan zo babu sallama.

Bari in sa kyamara a jaka, gangarar nan sai da hannu biyu. Sai mun isa ƙasa in Allah ya yarda.