Fugazi: Makaɗan Da Suka Tsaya a Kan Dala Biyar

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu leƙa birnin Washington na Amurka, inda aka kafa ƙungiyar kiɗan rok ta makaɗa huɗu mai suna Fugazi, wadda ta fara hawa dandamali a watan Satumban 1987. Malama, ke ce kika matsa a tattauna a kansu, don haka ke za ki buɗe mana.

Malama: Na gode, Malam. Abin da ya sa na matsa shi ne, duk wanda ya ambaci Fugazi sai ya fara da maganar kuɗin shiga, ya manta da kiɗan kansa. Gaskiya ne sun yi shekaru suna ƙoƙarin tsayar da tikitinsu a kan dala biyar, ba sa wasa a wurin da ake hana yara shiga, kuma ba sa sayar da riguna masu ɗauke da sunansu. Kusan duk faifansu sun fito ne daga Dischord, ƙaramin kamfanin da Ian MacKaye, ɗaya daga cikin makaɗan Fugazi, ya kafa tare da Jeff Nelson a 1980, kuma ko da manyan kamfanoni suka nemo su bayan kasuwar rok ta buɗe a farkon shekarun 1990, ba su amsa ba.

Malam: To ai wannan kaɗai ya isa a yi shiri guda a kai. Har ma an san cewa idan wani ya dami jama'a da turereniya a gaban dandamali, MacKaye kan tsayar da kiɗa, wani lokaci ya mayar masa da kuɗinsa ya sallame shi.

Malama: Haka ne, amma ka lura da kalmar da ka faɗa, wato tsayar da kiɗa, domin a can asirin salonsu yake. MacKaye ya fito ne daga ƙungiyar Minor Threat, masu kiɗan punk mai gudu kamar ana korarsu, shi kuwa Guy Picciotto da mai ganga Brendan Canty daga ƙungiyar Rites of Spring suka zo. Da suka haɗu sai suka rage gudu, suka bar wa Joe Lally fili ya shimfiɗa jitar bes mai kauri irin ta regen Jamaika, sannan suka koyi yin tsit a tsakiyar waƙa, har mai sauraro ya ɗauka an gama, kafin su dawo gaba ɗaya da ƙarfi.

Malam: Ni abin da ya fi kama ni shi ne yadda jita biyu ke zance da juna. Ta MacKaye tana da nauyi tana riƙe ƙasa, ta Picciotto kuma siririya ce mai kaifi, tana karta daga sama. Muryoyinsu ma haka suke, ɗaya yana ɗaga murya kai tsaye kamar mai shela, ɗayan yana lanƙwasa kalmomi yana jan su. Ga kuma ƙararrawar nan da Canty ya kafa a gefen gangunansa. Wanda ya saurari faifansu Repeater na 1990 zai ji duk wannan a fili.

Malama: Kuma ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi kafin wasa, sai dai ɗayansu ya tayar, sauran su gane su bi shi. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka yi wasa sama da 1,000 tare. A ganina faifansu na ƙarshe, The Argument na 2001, shi ne ya fi nuna ƙwarewarsu, domin a ciki sun sassauta murya, sun shigo da kayan kiɗa masu taushi, ba tare da kaifinsu ya dushe ba.

Malam: A nan kam zan saɓa miki, domin har gobe ina ganin zafin faifan farko ya fi shiga jiki. Sai dai tun wasansu na Landan a watan Nuwamban 2002 ba su sake hawa dandamali tare ba, ko da yake ba su taɓa cewa sun watse ba.

Malama: Mai son ya raba mana gardama yana da inda zai je, domin tun 2011 Dischord ta fara ɗora rikodin wasanninsu a intanet, fiye da 800, kowanne da kwanan watansa da garin da aka yi shi.