Danya da nunu: itacen da duniya ke kira marula

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

Wa ya taɓa shan nunu, wato 'ya'yan itacen danya, a cikinku? To, na ga hannuwa, galibi na masu furfura. Ku matasa wataƙila kun fi sanin wani mai da ake talla a intanet cikin 'yan ƙananan kwalabe masu tsada, wanda ake kira man marula, na gyaran fata da gashi. Wannan marular ba wata aba ba ce illa danyar nan tamu da ke tsaye a gonakin Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Masana tsirrai suna ce mata Sclerocarya birrea, dangi ɗaya suke da mangwaro da kashu. Tamu da ta kudancin Afirka jinsi guda ne, ɗan bambancin da ke tsakaninsu na yanki ne kawai.

Wanda ya yi kiwo yana yaro ya san halinta. Nunu yakan faɗo yana kore, sai ya kwana biyu a ƙasa ya yi rawaya, ƙamshinsa ya cika gindin bishiyar. Ka huda fatar, ka tsotse, ga zaƙi ga tsami. A wajenmu da bazara yake zuwa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemo. Allah ya san abin da ya sa ya ajiye shi a wannan lokacin.

Mutanen kudancin Afirka sun daɗe da riƙon wannan itace da hannu biyu. A kogon Pomongwe na ƙasar Zimbabwe an tono tarin ƙwallayensa da mutane suka fasa shekaru dubbai da suka wuce. A arewacin Namibiya, al'ummar Awambo suna da bikin shekara-shekara na marula, wanda UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2015. Gaskiya ne, yawancin ruwan nunun can barasa ake yi da shi, har da wadda ake kira Amarula da Afirka ta Kudu ke fitarwa tun 1989. Wannan ba hanyarmu ba ce. Amma ruwan da ba a bari ya kwana ba halas ne, ana kuma dafa shi da sukari a yi abin shafa wa burodi. Labarin cewa giwaye na buguwa da nunu kuwa, masu bincike na Jami'ar Bristol ta Ingila sun duba shi a 2006, suka nuna giwa ba za ta iya cin adadin da zai bugar da ita ba.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. Mu idan mun tsotse nunu sai mu jefar da ƙwallon, alhali dukiyar tana cikinsa. Ƙwallon nan yana da tauri kamar dutse, amma a jikinsa akwai 'yan ƙofofi biyu ko uku, kowace da murfinta, a bayan kowace akwai ƙwaya fara mai maiƙo. Ana cinta kamar gyaɗa, ana daka ta a zuba a miya. Man da ake matsewa daga cikinta ba ya saurin lalacewa, shi ya sa mutanen ƙabilar Venda ta kudancin Afirka suke shafe nama da shi don ya daɗe, shi ya sa kuma kamfanonin kayan shafa suke nemansa. Aiki ne mai cin rai: mace ta wuni tana fasa ƙwallo ɗaya-ɗaya tana zaƙulo ƙwaya da tsinke, abin da za ta tara bai taka kara ya karya ba. Matan arewacin Namibiya sun gane cewa mutum ɗaya ba zai iya ba, sai suka haɗu suka kafa ƙungiyar Eudafano a 1999. Yau suna da masana'antarsu a garin Ondangwa, mansu yana zuwa har Turai. Matanmu da suka iya ƙuli-ƙuli da man kaɗanya, me zai gagare su a nan?

Abin da ke damuna shi ne, mu itacen muke gani, ba 'ya'yan ba. Danya tana da daɗin sassaƙa, don haka ta ƙare a turmi da akushi. Ba na zargin masassaƙi, sana'arsa ce ta gado. Amma turmi sau ɗaya ake sayar da shi, nunu kuwa kowace shekara yake zuba.

Akwai kuma kuskuren da manoma ke yi da kyakkyawar niyya. Danya akwai mace akwai namiji. Manomi ya ga wata ba ta taɓa haihuwa ba, sai ya ce juya ce, ya sare. Namijin ke nan ya sare, kuma daga furensa ƙwari ke kai wa macen abin da za ta yi 'ya'ya. A bar ko da ɗaya a kusa.

Manoman Maraɗi sun nuna mana hanya tun shekarun 1980 da sassaben zamani: idan kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Danya tana karɓar wannan. Tana kuma kamawa daga reshe: a yanko mai kauri daga macen da aka san nununta da zaƙi, a kafa shi a farkon damina, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa abin magana.