Me Ke Faruwa a Cikin Tankin Masai Idan Aka Danna Hannu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Yau murfin tankin masai za mu ɗaga, tankin nan da ke bayan masan zama na zamani, wanda kullum ake danna hannunsa amma da wuya a leƙa cikinsa. Ku kama murfin da hannu biyu. Tangaran ne, yana da nauyi, in kuwa ya suɓuce ya fashe, kafin a samu irinsa shi kaɗai a kasuwa sai an sha yawo. A kwantar da shi a ƙasa can gefe.

[Kyamara na kallon cikin tanki daga sama]

Ga abin da ke ciki. Ba waya, ba batir, ba inji. Ruwa ne da 'yan robobi da sanda da sarƙa. Ruwan kuma mai tsabta ne, daga famfo ya shigo, bai haɗu da komai ba tukuna, don haka kada ƙyanƙyami ya hana ku tsoma hannu.

Me ya sa ma ake buƙatar tankin? Me ya hana a jona famfo kai tsaye da masan, kowa ya huta? Duk wanda aka taɓa ɗauke wa ruwa ya koma kora masai da bokiti ya san amsar. Ka riƙa tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan, bokitin zai ƙare, ƙazantar tana nan inda take. Ka ɗaga shi sama ka juye gaba ɗaya, nan take komai ya wuce. Yawan ruwan ɗaya ne, saurin faɗowarsa ne ya bambanta.

Dalilin yana ƙasan masai. Bututun da ke fita bai miƙe ba: ya nutsa ƙasa, ya sake hawa, sannan ya gangara zuwa sokawe. A wannan lanƙwasa ruwa yake kwanciya, shi ne ke toshe wa warin rami hanya. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan mazaunin Landan, Alexander Cumming, shi ya yi wa lanƙwasar rajista a 1775. Tun 1596 Sir John Harington ya ƙera masai mai tankin ruwa, har ya yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya guda, amma abin bai yaɗu ba a zamaninsa. To ruwan da aka tsiyaya a hankali tsallake lanƙwasar nan kawai yake yi ya sulale. Sai mai yawa ya faɗo a lokaci guda yake cika bututun ya ture abin da ke gabansa. Famfon gida mai faɗin rabin inci ba zai iya ba da lita 6 cikin 'yan daƙiƙoƙi ba. Aikin tanki ke nan: ya tara a hankali, ya saki gaba ɗaya. Shi ya sa ƙofa biyu gare shi, ta shiga da ta fita.

[Kusa da ƙwallon da ke kan ruwa]

Mu fara da ta shiga. Ku dubi wannan ƙwallon da ke maƙale a ƙarshen doguwar sanda. Cikinsa iska ce. In ruwa ya sauka, ƙwallon ya bi shi ƙasa, ɗaya ƙarshen sandar ya janye 'yar wosha, wato ɗan marufin roba, daga bakin bututu, ruwa ya fara shigowa. Ruwa na hawa, ƙwallo na hawa, wosha na komawa, har ta danne bakin. Yaya aka yi ƙwallon da yaro zai ɗaga da yatsa ɗaya yake tare ƙarfin famfo? Na farko, ruwa yana tura duk abin da ya nutsa cikinsa zuwa sama, da ƙarfi daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Ƙwallo ya ture rabin lita, an ɗaga shi da ƙarfin rabin kilo. Na biyu, sandar. In tsawon ɓangaren ƙwallo ya ninka na ɓangaren wosha sau 10, rabin kilon nan ya zama kilo 5, kuma duk a bakin ramin da faɗinsa 'yan milimita ne.

Wannan dabara ta girmi masai nesa ba kusa ba. Ktesibios na Iskandariya ya yi amfani da ita a agogon ruwa tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Wajen shekarar 850 kuma 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, suka rubuta littafi a Bagadaza mai ɗauke da na'urori kusan 100, cikinsu har da komin da ke cika kansa duk lokacin da aka ɗebi ruwansa.

Aibin ƙwallo shi ne yana rufe ƙofar da kaɗan-kaɗan, shi ya sa ƙarshen cikar ke jan lokaci, da wannan ƙarar "sssss" da ba ta son ƙarewa. Kamfanin Fluidmaster, wanda Adolf Schoepe ya kafa a Kalifoniya a 1957, ya yi suna da wani salo da yanzu kusan kowa ya kwaikwaya: ɗan kofi mai zamewa sama da ƙasa a jikin sanda tsayayya. A kan sandar akwai siririn faifan roba mai mitsitsin rami. Ruwa yana bi ta ramin ya shiga wani ɗan gurbi a saman faifan. Muddin kofin na ƙasa, gurbin a buɗe yake, ruwan na tsiyayewa, faifan ya ɗaga, tanki na cika. Da kofin ya hau ya toshe mafitar gurbin, sai ruwa ya taru a sama. Da yake saman faifan ya fi ƙasansa fili, matsin sama ya rinjayi na ƙasa, faifan ya rufe ƙam. Ruwan da kansa yake rufe wa kansa ƙofa.

Kyakkyawar dabara ce, sai dai gidajenmu ba kullum take yi musu daɗi ba. Yawancin irinsu don ruwan birni mai ƙarfi aka ƙera su, kamar na gidajen Amurka da kan kai bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsin ruwa ne). Mu kuwa daga tankin sama ruwa ke gangaro mana. Kowane mita 10 na tsawo bar ɗaya yake bayarwa, don haka tankin da ya ɗara masai da mita 3 bar 0.3 kawai zai ba da, wajen kashi ɗaya cikin goma. Ga kuma yashin rijiyar burtsatse, ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe mitsitsin ramin can. In tankinku na daɗewa bai cika ba, kafin a kira mai gyaran famfo a rufe ruwa, a kwance kan bawul ɗin, wato ƙofar shigar ruwan, a wanke faifan da matacin da ke ƙasa. In kuma sabo za a saya, a nemi na ƙaramin matsi.

Wannan bututun da ke tsaye a tsakiya, bakinsa a buɗe, na ko-ta-kwana ne. In ƙofar shiga ta ƙi rufuwa, rarar ta bi ta nan ta faɗa cikin masai maimakon ta malale ɗaki. Ruwa ya tsaya kimanin inci ɗaya ƙasa da bakinsa. A tsohon tsarin Ingila ma ta bango ake fitar da shi waje, yadda in ya fara ɗiga kowa a unguwa zai gani, maigida ya ji kunya ya gyara.

[Kusa da ramin ƙasan tanki]

Yanzu ƙofar fita, kuma a nan gizo ke saƙa. Ana son rami babba da zai zubar da tanki cikin daƙiƙa kaɗan, amma ya riƙe ruwa dare da rana ba ɗigo. Amurkawa da Ingilawa kowa ya bi hanyarsa.

Amurkawa suka ce a huda ƙasan tanki a sa marufi. Ga shi nan, roba ce mai ɗan kumburi, da iska a cikinta. Ka danna hannu, sarƙa ta fizge ta sama, iskar cikinta ta sa ta yi iyo, ruwa ya kwarara. Ruwan na sauka tana sauka, har ta koma ta zauna kan ramin. Ba makulli ba komai, nauyin ruwa ne ke danne ta: rami mai faɗin inci 2 da ruwa santimita 20 a kansa, nauyin kusan giram 400 ke nan. Sauƙi gare ta, ga arha. Amma duk ruwan tankin a kan leɓen roba ɗaya ya dogara. Roba tana tsufa, tana taurarewa, tana lanƙwashewa. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa a tanki, musamman mai bilic, tana ƙara cinye ta. Sarƙa in ta yi tsawo ta shige ƙarƙashinta, in ta yi gajarta ta riƙe ta a sama.

Ingilawa kuwa suka ƙi huda ƙofa a ƙarƙashin ruwa sam. A ƙarni na 19 kamfanonin ruwa na Landan sun gaji da asarar da bawul masu yoyo ke jawo musu, sai aka koma ga zuƙo. Kun taɓa ganin ɗan bumburutu yana cire fetur daga tankin mota da tiyo? Sau ɗaya yake zuƙa, da man ya haura lanƙwasar tiyon ya fara gangarawa jarka, ya ci gaba da zuba da kansa har sai iska ta shiga. Shi ne abin da ke cikin tankin Ingila. Bututu ne da ya hau sama ya wuce saman ruwa, sannan ya lanƙwaso ƙasa zuwa masai. A gindinsa akwai ƙoƙo a kife, a cikin ƙoƙon faranti mai huji-huji, an shimfiɗa masa siririyar leda. Ka danna hannu, farantin ya tashi, ledar ta toshe hujin, ya ɗaga ruwa ya jefa shi ya haura lanƙwasar. Ruwan da ya fara gangarawa ya jawo na bayansa, ledar ta ɗage ta ba shi hanya, tanki ya zube har ƙasa. Da iska ta shiga ta gindin ƙoƙon, ka ji "ƙwarrr", zuƙo ya yanke. Tsofaffin tankunan ƙarfe da ake kafawa can sama kusa da silin, masu doguwar sarƙa, su ma da zuƙo suke aiki, tsawon kuma ya ƙara wa ruwan gudu.

Ku lura, a wannan tsari ruwa a kwance ba shi da hanyar fita, domin ruwa ba ya hawa tudu da kansa. In ledar ta yage, masan zai ƙi korawa ne, sai an yi ta danna hannu sau uku sau huɗu. Ɓacin a fili yake, kuma gyaransa 'yar leda ce. In da ni za a tambaya, a gidan da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa ko ake ƙona mai don tayar da famfo, wannan ya fi, ko da hannunsa ya fi tauri kuma yara kan sha wahalarsa.

To me ya sa yake ɓacewa a kasuwa? Batun rage ruwa ne. A Amurka masai kan sha galan 3.5, wajen lita 13, a kora ɗaya, tsofaffi ma sun fi haka. Dokar 1992 ta mayar da shi galan 1.6, wato lita 6, daga 1994. Na farko-farkon da aka fitar ba su kora da kyau, har aka riƙa samun masu tsallakawa Kanada su sayo tsohon samfuri. Sai da injiniyoyi suka koma suka sake fasalin bututun, wasu suka faɗaɗa ƙofar fita daga inci 2 zuwa 3, yadda ruwa kaɗan zai faɗo da ƙarfi. A Ostareliya, ƙasar da ta san fari, Bruce Thompson na kamfanin Caroma ya fito da mai maɓalli biyu a 1980: lita 11 don babba, 5.5 don fitsari. Yau an saba ganin 6 da 3.

[Hannu na danna ƙaramin maɓalli, sannan babba]

Ga yadda cikinsa yake. Silinda ce a tsaye da zoben roba a gindinta. Kowane maɓalli ka danna, silindar ce ke tashi, ruwa ya shiga ta kowane gefe. Bambancin yana ga 'yan robobi biyu masu iyo da ke jikinta. Na ƙaramin maɓalli yana sama, ruwa na sauka rabi ya saki silindar ta faɗo. Na babban yana ƙasa, yana riƙe ta har tanki ya kusa ƙarewa. Ingila da kanta ta halatta irin wannan bawul daga 2001, ta kuma ƙayyade lita 6 ga sababbin masai.

Sai ga shi an gudu ba a tsira ba. An koma ga roba a ƙarƙashin ruwa. A 2020 ƙungiyar Waterwise ta ƙiyasta cewa masai masu yoyo a Birtaniya na zubar da kusan lita miliyan 400 a kullum, kuma yawancinsu masu maɓalli biyu ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce masai ɗaya mai zuba kan iya ɓarnatar da galan 200 a rana. Lita 750 ke nan da 'yan kai, jarka 30 masu cin lita 25. Yoyon kuma ba a ƙasa yake zuba ba balle a gani, ta bayan kwanon masai yake sulalewa, sokawe na cika, tankin sama na ƙarewa, ana zargin yara da ɓarnar ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. In cikin dare kun ji tanki ya ɗan yi ƙara yana cika alhali ba wanda ya shiga, ruwa ne ya ragu ta ƙasa. Ku gwada: a ɗiga kalar abinci ko ɗan shuɗin wanki a cikin tanki, kada a kora, a jira minti 15. In kala ta bayyana a cikin kwanon, ƙofar fita ce ke yoyo. A rufe ɗan famfon da ke gefe, a kora tanki ya zube. Mai maɓalli biyu, a kama silindar a murɗa ta kaɗan, yawanci za ta fito. A zare zoben robar, a shafa yatsa a kansa da kuma bakin ramin. Sau da yawa yashi ne ko farin gishirin ruwa ya daskare, goge shi kawai ya wadatar. In robar ta yi ƙuraje ko ta bar baƙi a yatsa, ta gama aiki. A tafi da tsohuwar shago a gwada, domin girmansu ba ɗaya ba ne, kuma mai shago zai ce muku duk ɗaya ne.