Yadda Za a Kafa Kanta a Bangon Allon Jifsam Ba Tare da Ta Rufto Ba

Masu kallo, barkanku da war haka. Bangon da kuke gani a nan ba na bulo ba ne, allon jifsam ne, irin wanda ake raba ofisoshi da shaguna da shi. Kaurinsa galibi milimita 12.5 ne: garin jifsam a tsakiya, takarda gaba da baya, sannan bayansa fanko. Shi ya sa fisha, wato robar da aka saba cusawa a ramin bulo kafin a ɗaura sukuru, ba ta da amfani a nan. Ita fisha kumbura take yi ta tokare jikin rami, shi kuwa jifsam marmashewa yake yi idan an matsa masa.

Kafin ku sayi komai, ku fahimci yadda kanta take jan bango. Hoto ko agogo nauyinsu ƙasa yake yi kai tsaye. Kanta kuwa ta fito waje, saboda haka sukurun sama na ƙarfen da ke riƙe da ita fizgo shi ake yi daga bango. A ce kun ɗora kilo 20, tsakiyar kayan yana santimita 15 daga bango. Idan tsayin ƙarfen a jikin bango santimita 15 ne, sukurorin sama za su ji jan kilo 20. Amma idan kantar nan ce mai ɓoyayyen ƙarfe, wadda tsayin farantinta bai wuce santimita 4 ba, jan zai kai kilo 75. Kaya ɗaya ne, amma wahalar ta kusa ninkawa huɗu. Kuma kar ku raina littattafai, jeren mita ɗaya yakan kai kilo 20 zuwa 30.

Saboda haka ku fara neman ginshiƙan da aka ɗaura allon a kansu. Katako ne ko siririn ƙarfe, a tsaye, tazararsu santimita 40 ko 60. Ku ƙwanƙwasa bangon, inda amon ya daina kama da ganga ya yi nauyi, to akwai ginshiƙi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce maganaɗisu mai ƙarfi: ku riƙa goga shi a hankali, zai manne a kan sukurorin da ke ƙarƙashin fenti. Idan katako ne, kun huta. Ku yi ƙaramin rami na milimita 3 a tsakiyarsa, ku ɗaura sukuru mai kaurin milimita 5, tsawon 50 zuwa 60. Babu wani mariƙi da ya kai wannan ƙarfi. Idan ginshiƙin ƙarfe ne, bai cika kauri ba, zaren sukuru ba ya samun abin kamawa sosai, gara a huda shi a zura mariƙi mai fukafukai ya buɗe a bayansa.

To idan inda kuke so fanko ne fa? A nan sai a yi amfani da mariƙi. Na farko shi ne mai kama da katon sukuru, mai faɗin zare, wanda ake murzawa kai tsaye ba sai an huda ba. Yana da sauƙin sawa, amma na ƙananan kaya ne. Kar ku ba shi amanar kanta.

Na biyu mariƙin ƙarfe ne mai ƙafafu, wanda idan an ja shi ƙafafun suke lanƙwashewa su baje a bayan allon. Wannan yana da kyau ga kantar kayan da ba su yi nauyi sosai ba, kuma za ku iya kwance sukurun ku mayar, yana nan daram. Ku duba kwalinsa, an rubuta kaurin allon da ya dace da shi. Wanda aka yi don allo biyu ba zai matse allo ɗaya ba, zai yi ta lilo. Ku sayi ɗan filayar da ake jan sa da ita, domin idan da sukundireba kuka murza, haƙoran mariƙin kan yagi takardar ya riƙa juyawa a banza.

Mai fukafukai shi ya fi baza nauyi. Ana naɗe fukafukan a tura cikin rami, su buɗe a baya. Ramin nasa babba ne, kuma dole ku zura sukurun ta cikin ƙarfen kantar tukuna, don da zarar kun zare shi fukafukan sun faɗa cikin bango ke nan. Akwai sabon samfuri mai igiyar roba da ke riƙe ƙarfen ko an cire sukuru, shi ya fi daɗin aiki.

Wani lokaci kuma za ku huda ku tarar da bulo a baya, bayan ɗan rata na santimita 1 zuwa 2, domin manna allon aka yi. A nan fukafukai ba su da wurin buɗewa. Ku nemi doguwar fisha mai hannun ƙarfe, wato ɗan bututun ƙarfe da ke cike ratar, ta shiga bulon aƙalla santimita 5. In babu hannun, matse sukurun zai lotsa allon ciki.

Wajen huda allon, ku kashe dukan guduma na injin, ku yi amfani da bakin da ya yi daidai da abin da aka rubuta a kwalin mariƙin. Kar ku huda saitin soket ko makunnin wuta, a tsaye ko a kwance, nan wayoyi suke bi. Nauyin da ke kan kwali kuma a busasshen allo lafiyayye aka gwada shi, ku ɗauki rabinsa. Allon da ya taɓa shan ruwa ba ya riƙe komai, sai an sauya shi.

Idan kayan masu nauyi ne, kamar tukwane ko katan-katan na shago, ku gicciya katako mai kaurin santimita 2 ya haɗa ginshiƙai biyu ko uku, sukuru bibbiyu a kowanne, sannan ku ɗaura ƙarafan kantar a jikinsa duk inda kuke so.