Dala biliyan 60 don mata: yadda ake ƙirga kuɗin

[Allo: kanun labarai na wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Jama'a, kwanakin nan wata lamba na ta yawo: wai ƙasashe masu arziki na ware sama da dala biliyan 60 duk shekara don daidaito tsakanin maza da mata. Wasu sun ce ai an wawure kuɗin, tunda ba su gani a ƙasa ba. Wasu kuma sun ce an kwashe tallafin duniya kaf an miƙa wa mata. Lambar ba ƙirƙira ba ce, alƙaluman OECD ne, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe galibi masu arziki, na shekarun 2021 da 2022. Inda ɓangarorin biyu suka ɓata hanya wuri ɗaya ne, wato yadda ake ƙirga kuɗin. Can za mu je, amma bari mu bi ta kan tarihi da sauri.

[Tsohon bidiyo: taron Beijing, zaure cike da wakilai]

A 1995, ƙasashe 189 suka hallara a Beijing suka amince da kundin aiki kan 'yancin mata. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumarta ta harkokin mata, UN Women. A 2015 aka fito da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, na biyar ɗinsu shi ne daidaiton jinsi, wa'adinsa 2030.

[Zane: kibiya na saukowa mataki-mataki]

Hanyar kuɗin kuma ga ta a allo. Majalisar dokokin ƙasar da ke ba da tallafi ta amince da kasafi, ma'aikata ta raba shi ƙasa-ƙasa da fanni-fanni, a tsara aiki, a ba hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ko babbar ƙungiya ko kamfanin kwangila, su kuma su nemi abokan aiki a wurin da za a yi aikin. Wannan duk kun san shi. Ku tsayar da idonku a mataki na uku, wurin tsara aiki.

[Kusa-kusa: fom a fuskar kwamfuta, ɗan akwati ɗaya babu komai a ciki]

Kun ga wannan ɗan akwatin? Kafin a sa hannu a kan aiki, jami'in da ke kula da shi zai rubuta lamba ɗaya a ciki: 0, ko 1, ko 2. Ma'auni ne na kwamitin DAC, kwamitin da ya haɗa manyan masu ba da tallafi sama da 30 a ƙarƙashin OECD. Sifili na nufin an duba aikin, bai sa daidaiton jinsi a gaba ba. Lamba 2 na nufin saboda daidaiton aka ƙirƙiro aikin, in ba don shi ba da ba a yi ba. Misali, shirin hana cin zarafin mata, ko na taimaka wa mata su mallaki fili da sunansu. Lamba 1 kuma, aikin na wani abu ne daban, ruwa ko titi ko noma, amma daidaiton jinsi na cikin manufofinsa da gangan.

To ga abin da ba a cika faɗa ba. Da zarar aiki ya samu 1, kuɗinsa gaba ɗaya ake ƙirgawa. Ba a tsame ɗan ɓangaren da ya shafi mata a ƙirga shi kaɗai.

[Zane: bututun ruwa, buhunan siminti, injin haƙa, kowanne da alamar dala]

Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, aikin samar da ruwa na dala miliyan 100. Mafi yawan kuɗin bututu ne da siminti da injina da albashin injiniyoyi. A ciki an ware ɗan kaso don a saurari mata kan inda za a kafa famfo, a kuma horar da su shiga kwamitin kula da ruwan. Jami'i ya rubuta 1. A rahoton shekara, miliyan 100 ɗin nan cif za ta bayyana a layin tallafin da ke da manufar daidaiton jinsi, har da simintin.

Haka aka tara biliyan 60. Sama da kashi 40 cikin 100 na tallafin da aka tantance ya samu 1 ko 2, amma wanda ya samu 2 kusan kashi 4 ne kacal, kuma ya daɗe yana nan wajen. Don haka mai cewa an sace biliyan 60 na mata, ba a taɓa tara irin wannan kuɗi a asusu ɗaya ba balle a sace. Mai cewa mata sun cinye tallafi kuma, ya sake duban kashi 4 ɗin nan.

[Bidiyo: mata a layin ɗiban ruwa, sannan taron kwamiti]

Kada a ji ni ba daidai ba, ni ban ɗauki lamba 1 a matsayin yaudara ba. In an yi ta da gaske, tana iya fin komai amfani, domin a manyan ayyukan nan kuɗi suke. Famfon da aka kafa kusa da gidaje, sa'o'i ne aka mayar wa yarinyar da ke fashin makaranta saboda ɗiban ruwa. Makarantar da aka gina da banɗaki na 'yan mata daban, mai ƙofa da sakata, ta fi riƙe ɗalibanta in sun fara girma. Sakata ce fa kawai, amma in ba wanda ya tambayi 'yan matan tun a zane, ba za a sa ta ba.

Shi ya sa a 2016 kwamitin DAC ya fitar da sharuɗɗa. Kafin a ba aiki 1, sai an yi nazarin halin da maza da mata ke ciki a wurin, sai nazarin ya shafi yadda aka tsara aikin, sai an rubuta aƙalla manufa ɗaya kan daidaito tare da abin da za a auna ta da shi, sai an raba alƙaluma na maza daban na mata daban, sannan a yi alƙawarin bayar da rahoton sakamako.

A takarda ba laifi. Matsalar ita ce mai ba da kuɗin shi ke ba kansa maki, kuma tun kafin a fara aiki yake bayarwa. Niyya ake aunawa. Ko famfon ya yi aiki, ko matan kwamitin suna magana ana ji, lambar ba ta san wannan ba. A 2020 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta binciki takardun ayyuka 72 da manyan masu ba da tallafi suka yi wa wannan alama, ta tarar biyu ne kawai suka cika dukkan sharuɗɗan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

[Taswira: Kanada, Tarayyar Turai, Jamus na haskakawa]

Nan ba mu da hotuna da yawa, sai ku yi haƙuri da taswira. A 2017 Kanada ta ce kashi 95 na tallafinta na kai tsaye zai samu 1 ko 2, kashi 15 kuma lallai ya zama 2. Tarayyar Turai ta sa wa kanta kashi 85 na sababbin ayyuka zuwa 2025. Jamus a 2023 ta ce kashi 93, kashi 8 daga ciki ya zama 2. Buri ne mai kyau. Sai dai in an ɗora wa ma'aikata kashi 85 ko 95, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara sakin layi ɗaya kan mata a takardar aiki a rubuta 1. A ganina ƙaramar lambar, 15 ko 8, ta fi nuna gaskiyar niyyar gwamnati, domin ita ba ta samuwa da sakin layi.

[Bidiyo: ƙaramin ofis, teburi biyu, mace na amsa waya]

Akwai lambar da ta fi kashi 4 ƙanƙanta, ita ce ta fi damuna. Abin da ke isa hannun ƙungiyoyin kare haƙƙin mata bai kai kashi 1 cikin 100 na tallafin ba. Su ne masu raka mace kotu, masu ɗaukar waya da tsakar dare. Ana neman su kawo rahoton binciken kuɗi na shekaru, da ma'aikacin lissafi, da takardar neman tallafi cikin harshen waje, sannan a ba su kuɗin aikin shekara ɗaya wanda bai haɗa da haya ko albashi ba. Shi ya sa asusun mata irin su Mama Cash da African Women's Development Fund suke shiga tsakani, su karɓi babban kuɗi su rarraba shi ƙanana.

[Allo: shekaru na sauyawa, ginshiƙan kasafi na raguwa]

Kuma alƙaluman da muka yi ta magana a kai na kafin a fara yankan kasafi ne. Birtaniya ta sauko da tallafin da take bayarwa daga kashi 0.7 cikin 100 na jimillar abin da ƙasar ke samu a shekara zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar za ta koma 0.3 a 2027. Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, a 2025. A shekarar ce UN Women ta tambayi ƙungiyoyin mata 411 a ƙasashe 44 da ke fama da rikici, kusan rabinsu suka ce in aka ci gaba a haka, cikin wata shida za su rufe.